Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Zaɓe Na Kano Ta Tsakiya Kan Kujerar Sanata Da Tafiyar Malam Ibrahim Shekarau

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena, yayyena da ƙannena na ƙananan hukumomi 15 da suka haɗu suka zama mazaɓar Kano ta Tsakiya, tun daga Dala, Gwale, Fagge da Birni da Kewaye, har zuwa Kura, Madobi, Garun Malam, Gezawa, Minjibir da Warawa, ina yi muku fatan alheri, tare da neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na zaɓi in rubuto muku ne kai tsaye, ba shugabannin jam'iyyu ba, domin su sun riga sun san abin da zan faɗa, kuma babu abin da zai sa su sauya hali matuƙar mu masu dangwala ƙuri'a ba mu sauya namu ba.

Zan fara da abin da ya faru bayan zaɓen ranar 25 ga Fabrairun 2023. Da aka gama tattara sakamako, hukumar INEC ta ayyana Malam Ibrahim Shekarau a matsayin wanda ya lashe kujerar sanatan Kano ta Tsakiya a ƙarƙashin jam'iyyar NNPP, alhali kowa a garin nan ya san cewa Malam ya fice daga wannan jam'iyya tun watan Agustan 2022, ya koma PDP, ya shelanta cewa ba ya cikin takarar, har ma yana yi wa wani ɗan takarar shugaban ƙasa dabam yaƙin neman zaɓe. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris na shekarar sannan aka tabbatar wa Sanata Rufa'i Sani Hanga kujerar. Lauyoyi suna da bayaninsu game da wa'adin sauya sunan ɗan takara, kuma tun shari'ar Rotimi Amaechi ta 2007 ake ta muhawara kan ko ƙuri'a ta jam'iyya ce ko ta ɗan takara. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ba na shari'a ba ne. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka fita cikin rana suka dangwala wa kwandon kayan marmari, alamar NNPP a lokacin, kuma da za a tare su a bakin rumfa a tambaye su wane ne zai zauna musu a Majalisar Dattawa idan kwandon ya yi nasara, da an sami amsa iri biyu ko uku. Kujerar da ake iya cikewa ta wannan hanya, kujera ce da masu ita ba su ɗauke ta da muhimmanci ba.

Na ɗauki tafiyar siyasar Malam Shekarau a matsayin madubi ne ba don ina da wata jiƙaƙƙiya da shi ba. Hasali ma, ina cikin waɗanda suke ganin cewa samun irinsa a siyasar Kano abin alfahari ne. Mutum ne da aka haifa a unguwar Kurmawa a 1955, ya karanta lissafi da ilimin koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya riƙe alli shekara da shekaru, ya shugabanci makarantun sakandare da dama har da Kwalejin Rumfa, ya kai matsayin babban sakatare a aikin gwamnati. A zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na farko aka ɗauke shi daga wannan matsayi aka mayar da shi kwalejin share fagen shiga jami'a ta CAS ya koyar da lissafi, daga bisani ya ajiye aiki. Bai taɓa zama kansila ba, bai taɓa zama shugaban ƙaramar hukuma ba, amma a 2003 ya tsaya a jam'iyyar ANPP mai alamar masara, guguwar Janar Buhari tana kaɗawa a bayansa, ya kayar da gwamna mai ci. A 2007 kuma ya karya abin da ake ganin kamar camfi ne a Kano, ya zama gwamna na farko da ya yi tazarce.

Duk wanda ya zauna a Kano a cikin waɗannan shekaru takwas ba ya bukatar a karanta masa tarihi. Hukumar Hisbah ta sami gindin zama a doka, an kafa hukumar zakka da hubusi, an shigo da alarammomin tsangaya cikin lissafin gwamnati, an gina matatar ruwa ta Tamburawa da ta Watari, sannan shirin A Daidaita Sahu ya shiga bakin jama'a har ta kai ga babur mai ƙafa uku ya gaji sunan, kuma yau yaron da aka haifa bayan saukar Malam daga mulki yana tsayar da adaidaita sahu ba tare da ya san daga ina sunan ya samo asali ba. Akwai kuma abubuwan da har gobe ake saɓani a kansu, musamman dakatar da allurar rigakafin shan inna a 2003, wadda ba a ci gaba da ita ba sai tsakiyar 2004. Ko mutum yana goyon bayan wannan mataki ko yana adawa da shi, zai yarda da abu ɗaya: gwamna yana faɗa ne a cika, kuma sakamakon maganarsa yana isa har cikin ɗakin talaka.

A nan ne gizo yake saƙar. Idan muka tashi zaɓen tsohon gwamna a matsayin sanata, gwamnan da muka sani muke zaɓa, ba sanatan da zai zama ba. Gwamna yana da baitulmali, yana da kwamishinoni, yana sa hannu a takarda a fasa hanya ko a haƙa rijiya, kuma sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba shi kariya daga gurfana gaban kotu. Sanata kuwa mutum ɗaya ne cikin 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, ba shi da ikon ɗaukar ko da masinja a ma'aikatar tarayya, kuma ƙarfinsa yana cikin abubuwan da ba su cika burge mai kallo ba: karanta ƙudurin doka sakin layi bayan sakin layi, zaman kwamiti, titsiye minista kan kuɗin da aka ware ba a gani a ƙasa ba, tantance waɗanda shugaban ƙasa ya naɗa, da kuma lallashin abokan aiki daga Ebonyi ko Bayelsa su mara masa baya a kan abin da ya shafi Kano. Mutumin da ya saba ana miƙewa idan ya shigo, ana jiran ya gama magana kafin kowa ya yi tari, ba ƙaramin horon kai yake bukata ba kafin ya iya zama a layi na uku yana ɗaga hannu ana ƙin kiransa.

Malam ya isa Majalisar Dattawa a 2019 da tarin ƙwarewar da ba kowane sanata ne yake da ita ba. Ya yi takarar shugaban ƙasa a ANPP a 2011, ya riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga tsakiyar 2014 zuwa Mayun 2015, kuma a majalisar aka ba shi shugabancin kwamitin da ke kula da ma'aikata da aikin gwamnati, wanda ya dace da tsohon babban sakatare. Sai dai ku tambayi kanku tsakani da Allah, me muka fi tunawa daga waɗannan shekaru huɗu? Abin da ya cika shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano shi ne rikicin G7, wato ɓangaren da Malam yake jagoranta, da ɓangaren Gwamna Abdullahi Umar Ganduje kan shugabancin APC a jiha, da zaɓen shugabanni gida biyu a 2021, da zaryar kotu har zuwa Mayun 2022 lokacin da Kotun Ƙoli ta bai wa ɓangaren gwamna gaskiya. A cikin watan ne Malam ya shiga NNPP, bayan wata uku kuma ya fita. Ban ce bai yi aiki a majalisa ba, kuma ba zan yarda wani ya fassara maganata haka ba. Abin da nake cewa shi ne, mu da muka tura shi ba mu taɓa sanya aikin majalisar a ma'aunin da muke auna shi da shi ba, sojojin baka na kowane ɓangare ma ba su taɓa ganin cewa zancen zai ja masu sauraro ba.

Ku dubi jerin sauye-sauyen sheƙar da kyau. Malam yana cikin waɗanda suka kafa APC a 2013, ya fice zuwa PDP a farkon 2014 bayan da Kwankwaso ya shigo aka damƙa masa ragamar jam'iyya a Kano a matsayinsa na gwamna. A Satumbar 2018 ya dawo APC bayan da Kwankwaso ya koma PDP aka rushe shugabancin jam'iyyar na jiha. A 2022 kuma ya bar NNPP, bisa dalilin da shi kansa ya bayyana cewa ba a cika alƙawarin da aka yi na bai wa mutanensa tikitin takara ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana da ma'ana a idon ɗan siyasa, domin jagoran da ya kasa kare mabiyansa ba zai daɗe da mabiya ba. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taso daga wata doka da aka kawo majalisa, ko wani haraji da aka ɗora wa ɗan kasuwar Kantin Kwari, ko wani bashi da aka ciyo da sunanmu. Duk rigimar a kan wa zai riƙe jam'iyya a Kano ce, kujerar sanata kuwa ta zama kamar rumfar da ake fakewa a ciki kafin ruwa ya ɗauke.

Kada magoya bayan jar hula su yi murmushi, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kafin Malam, Injiniya Kwankwaso ne ya riƙe wannan kujera daga 2015 zuwa 2019, shi ma kai tsaye daga gidan gwamnati, bayan ya zo na biyu a zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a APC a Disambar 2014. Shi yana da tarihin majalisa, tun da ya taɓa zama mataimakin shugaban Majalisar Wakilai a jamhuriya ta uku. Duk da haka, mafi yawan wa'adinsa ya tafi ne a takun-saƙa da magajinsa, har ta kai ga a Janairun 2018 'yan sanda suka ba shi shawarar ya ɗage ziyarar da ya shirya kawowa Kano, a Yulin shekarar ya koma PDP, a Oktoba kuma ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Fatakwal. Ke nan shekara takwas cur mazaɓar da take cikin mafiya yawan jama'a a Najeriya tana hannun manyan mutane biyu da kowannensu ya fi ƙarfin kujerar, kuma idon kowannensu yana kan wani abu da ya fi ta.

To, me ya wuce ta cikin majalisar a lokacin da hankalinmu yake kan rikicin cikin gida? A majalisa ta tara, ƙarƙashin Sanata Ahmad Lawan, aka amince da dokar kuɗi da ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020. A cikinta aka zartar da dokar man fetur ta 2021 bayan kusan shekara ashirin ana jan ƙafa, har da tanadin kuɗin neman mai a sababbin yankuna, abin da ya shafi Arewa kai tsaye. A Yulin 2021 aka yi ƙuri'ar da aka kira sunan kowane sanata ɗaya bayan ɗaya kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, aka tashi 52 da 28. A Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, majalisar ta amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta karɓa daga Babban Banki ya zama bashi na dogon zango, wanda jikokinmu ne za su ƙarasa biya. A 2022 jami'o'in tarayya, har da Jami'ar Bayero da ke cikin mazaɓarmu, sun kasance a rufe wata takwas saboda yajin aikin ASUU, a daidai lokacin da wakilinmu tsohon ministan ilimi ne. Mutum nawa ne a cikinmu za su iya faɗin matsayin da sanatocin Kano uku suka ɗauka a kan ko da ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa? Wa ya taɓa kiran wani shirin rediyo ya yi wannan tambaya?

Haka abin yake game da manyan ayyukan tarayya da rayuwar Kano ta rataya a kansu. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka fara aikinta a 2018, ta ga ƙarshen wa'adin sanatoci biyu ba a kammala ta ba. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano (AKK) da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 shi ne abin da masu masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai suke jira ko injinansu za su sake motsi. Manoman shinkafa da tumatir na Kura da Garun Malam suna shan ruwan Tiga ne ta magudanan da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da su, kuma wannan hukuma ta tarayya ce, kasafinta yana bi ta gaban sanatoci kowace shekara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala su ma haka. Waɗannan su ne gonar sanata ta gaskiya, kuma noma ta yana bukatar naci da bibiya, ba farin jini ba.

Sai dai dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Mu ne muka koya wa sanatoci cewa ba wannan muke so ba. Idan sanata ya zo gida, abin da ke jiransa a ƙofa shi ne takardar asibiti, da katin ɗaurin aure, da neman kujerar Makka, da buhun shinkafar azumi. Ban raina mai nema ba, domin talauci ne ya kai shi, kuma wanda bai kwana da yunwa ba bai kamata ya yi wa mayunwaci wa'azin haƙuri ba. Amma sakamakon shi ne an wayi gari ana auna wakili da yawan kekunan ɗinki da baburan da ya raba, da rijiyoyin burtsatse masu ɗauke da hotonsa, alhali kuɗin ayyukan mazaɓu daga kasafin tarayya suke fitowa, ba daga aljihunsa ba. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin sawun irin waɗannan ayyuka a jihohi, kuma a 2018 Sanata Shehu Sani ya fito fili ya ce kowane sanata yana karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis. Wanda ake kashe wa irin wannan kuɗi daga dukiyar jama'a, ai tambayarsa yadda ya yi ƙuri'a ba rashin kunya ba ne.

Kundin tsarin mulki bai bar mu hannu rabbana ba. Sashe na 63 ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 68 kuma ya ce ɗan majalisar da ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba ya rasa kujerarsa. Sashen ne dai ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adinsa ya ƙare ya sauka, sai idan jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata, kuma a 2015 Kotun Ƙoli ta raba wani ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Ondo da kujerarsa a kan haka, tana mai cewa rikicin reshen jiha bai isa hujja ba. Sashe na 69 ya ba mu damar kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu. Na san hanyar tana da wuya, yunƙurin da aka yi wa Dino Melaye a Kogi ma ya rushe ne tun a matakin tantance sa hannu a 2018. Amma ko ba a kai ga kiranye ba, wakilin da ya san cewa mutanensa sun san waɗannan sassa ba zai yi musu riƙon sakainar kashi ba.

Ba ina kira ba ne a haramta wa tsofaffin gwamnoni shiga majalisa. Al'adar ta riga ta game Arewa, daga Ahmed Maƙarfi a Kaduna da Ahmad Sani Yariman Bakura a Zamfara, zuwa Aliyu Wamakko da Aminu Tambuwal a Sakkwato, da Ɗanjuma Goje a Gombe, kuma wanda ya taɓa haɗa kasafin jiha ya san inda ake ɓoye ɓarna a cikin takarda fiye da sabon shiga. A nan Kano ma, Kabiru Gaya, wanda ya yi gwamna daga 1992 zuwa 1993, ya shafe shekara 16 yana wakiltar Kano ta Kudu, ya mayar da majalisar gidansa na siyasa, har sai da jama'arsa suka ga dama suka sauya shi a 2023. Marigayi Sabo Bakin Zuwo kuwa ta ɗaya hanyar ya bi, ya fara zama sanata a PRP a 1979 kafin ya zama gwamna a 1983. Abin tambaya ba shi ne daga ina mutum ya fito ba, a'a, shin ya zo ne ya zauna ya yi aikin, ko kuwa ya zo jiran wata motar ce?

Saboda haka ina roƙonku, idan kakar zaɓe ta sake zagayowa aka fara sallama a ƙofofinku, duk wanda ya zo neman wannan kujera, ko daga gidan Malam na Munduɓawa aka turo shi, ko daga gidan Kwankwaso na Miller Road, ko daga gidan gwamnati, ku nemi ya faɗa a bainar jama'a cewa zai ƙarasa wa'adinsa a jam'iyyar da ya nemi ƙuri'arku a cikinta, idan kuma zama ya gagara zai ajiye kujerar ya dawo ku sake zaɓarsa. Ku nemi ya yi alƙawarin zagaya ƙananan hukumomin nan 15 aƙalla sau ɗaya a shekara, ba don rabon kaya ba, sai don ya karanta muku dokokin da aka kawo da yadda ya tsaya a kan kowacce. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da Singa, da malaman jami'a, da ɗalibai, da limaman Juma'a, da ƙungiyoyin mata, kowannensu yana da bakin da zai iya kiran ɗan takara ya zauna a gabansa. Ga ma'aikatan gidajen rediyonmu kuma, waɗanda Kanawa suke yawan sauraro, ina roƙon ku ware ko da minti goma a mako ku karanta wa jama'a abin da wakilansu suka faɗa a zauren majalisa, kamar yadda kuke ware sa'o'i ga masu zage-zage.

Ranar zaɓe kuma, kafin kowannenku ya karɓi takardar sanata ya shiga bayan labule, don Allah ya tabbatar ya san sunan mutumin da ke bayan alamar da zai dangwala wa, kuma ya san cewa mutumin yana cikin takarar.

Allah Ya ƙara wa Malam Ibrahim Shekarau da sauran shugabanninmu lafiya, Ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai zaɓe daga ƙaramar hukumar Gwale, Kano.